Idon da Jini Bai Isa Ba: Cutar Takayasu da Abin da Ake Fahimta a Baibai

Ku ƙaddara kuna kallon hoton idon mai cutar Takayasu. Bayan ido ne, inda haske ke sauka. Za ku ga ƙananan jijiyoyin jini sun nannaɗe kewaye da jijiyar gani kamar gammo. Mutane da yawa da suka ga irin wannan hoto sai su ce jini ne ya yi wa idon yawa. Akasin haka ne. Wannan ido yunwar jini yake ji.

Wani likitan ido na Japan mai suna Mikito Takayasu ya bayyana irin wannan hoto a taron likitocin ido a 1908, daga idon wata budurwa. A taron ne wasu likitoci biyu, Onishi da Kagoshima, suka ce sun ga makamancin haka ga marasa lafiyar da ba a jin bugun jini a wuyan hannunsu. Daga baya cutar ta samu sunan Takayasu. Kumburi ne mai daɗewa da ke kama babbar jijiyar da ke fita daga zuciya da rassanta, kuma ya fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40.

To, ga inda nake so mu tsaya. Asalin matsalar a wuya take.  Jini yana hawa ta jijiyar gefen wuya, daga cikinta wani ƙaramin reshe ya ɓalle ya nufi ido. Idan kumburi ya kaurara bangon jijiyar, hanyar ta matse, abin da ke isa ido sai ya ragu, kamar tiyon ban ruwa da aka taka a tsakiya, shukar da ke ƙarshen lambu ita ke fara yaushi.

Me ido zai yi? Da farko jijiyoyinsa su buɗe don su karɓi ɗan abin da ya samu. Sai ƙananan ƙulli su fito a jikinsu, kamar ɗigon jan tawada. Idan yunwar ta ci gaba, tantanin bayan ido ya fara sakin wani sinadari mai kiran sabbin jijiyoyi su tsiro. Su ne ake gani sun yi cunkoso a hoton. Ba su da ƙwari, suna yoyo, suna fashewa, kuma idan suka tsiro a gaban ido suka toshe magudanar ruwansa, hawan jinin ido ya biyo baya. Saboda haka jinin da aka gani ya zuba a ido shaida ce ta ƙarancin da ya daɗe.

Shi ya sa yarinya za ta ce wa mahaifiyarta, Mama, in na miƙe tsaye ko na ɗaga kai sama sai gani ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo. Don Allah kada a ce mata jiri ne kawai, ta sha ruwa ta kwanta. Wannan magana tana ci mini rai, domin a wannan matakin ne ake iya ceto ido.

Akwai tarko na biyu. Cutar kan matse jijiyar ƙoda, jini ya hau sosai, shi ma ya lalata ido ta tasa hanyar. Amma da yake jijiyar hannu ta matse, na'urar awo sai ta nuna komai lafiya. Don haka a auna hannu biyu, har ƙafa ma. Bambancin da ya wuce maki 10 tsakanin hannaye abin bincike ne.

Sauran a gurguje. Ana duba gudun jini a wuya da na'urar Doppler, ana sa rini a jijiya a ɗauki hoton bayan ido. Ana kwantar da kumburin da maganin prednisolone, a haɗa da maganin methotrexate ko tocilizumab. Wani lokaci a yi wa ido aikin leza, ko a buɗe jijiyar wuya bayan kumburi ya lafa. Prednisolone kansa kan kawo yanar ido da hawan jinin ido idan an daɗe ana sha, don haka mai shan sa ya riƙa zuwa wurin likitan ido ko da yana gani tangaran, kuma kada ya daina maganin da kansa.