Inda ake maƙala E-ZPass a jikin babur

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Muna nan gareji a Bronx, birnin New York, sanyi ya fara sauka, shi ya sa kuka gan ni da hula har kunne. Ƙanena, matso da kyamarar su ga hannuna. Yawwa.

Wannan farin abin da ke tafin hannuna shi ne tag ɗin E-ZPass, 'yar na'urar da ake cire maka kuɗin gada da na hanya daga asusunka da ita. Mai mota ba shi da matsala, ya manna shi a gilashi bayan madubi, shi ke nan. Mu masu babur ne kullum ake tambaya: a ina zan sa shi? Buɗe asusu da zuba kuɗi ba zan tsaya a kansu ba, na san duk kun yi.

Amma kafin a zo maganar mannawa, tag ɗin nan na babur ne ko na mota? Da yawa mutum zai ciro na motarsa ya jefa a aljihu ya hau babur. In ya karantu ma, kuɗin mota za a cire maka, don kowane tag an rubuta masa ajin abin hawansa a ciki. Dubi kuɗin shiga tsakiyar Manhattan, daga titi na 60 zuwa ƙasa, wanda aka fara karɓa ranar 5 ga Janairu 2025: da rana mota dala 9, babur dala 4.50. Rabi ke nan. Gadojin MTA ma, wato hukumar sufuri ta New York, irin su Whitestone da RFK, kuɗin babur daban yake. Saboda haka ka nemi tag na babur, kuma ka tabbatar lambar babur ɗinka tana cikin asusun. Wannan lambar ita ce za ta cece ka ranar da tag ya ƙi karantuwa.

To, yaya abin yake aiki? Tun 2017 gadojin MTA suka daina karɓar kuɗi a hannu, gadar George Washington ma ta bi sahu a 2022. Babu rumfa, babu tsayawa, balle ka ce za ka ɗaga tag ɗin da hannu. Ƙarfe ne aka gitta a saman titi, na'urar tana can sama tana aiko da sigina ƙasa, tag ɗinka ya amsa. Don haka tag yana son ya kalli gaba da sama. Roba ba ta tare siginar, yadi ma haka. Ƙarfe yana tarewa. Jikinka ma yana tarewa, don ɗan Adam yawancinsa ruwa ne.

Masu sa shi ƙarƙashin kujera, kun ji dalili. Ka zauna a kansa, ga firam na ƙarfe ta ko'ina, ta ina zai ji kira? Aljihun wando ma haka. Aljihun ƙirji na jaket, e to, wasu suna rantsuwa yana yi musu aiki, kuma yakan yi, amma da ka kwanta a kan tanki ka rufe shi. Ni ba na so.

Inda na fi so shi ne nan, cikin gilashin gaba, ta ɓangarenka, sama da mita. Ruwan sama bai cika isa wurin ba, wannan farin tag ɗin kuwa, ko da na babur ne, ƙirar cikin mota gare shi, ba ya shiri da ruwa.

Yanzu ga wurin da ke ba mutane wahala, ku bi ni a hankali. Gilashin babur a lanƙwashe yake, bayan tag kuwa a miƙe. In ka manna shi inda lanƙwasar ta yi yawa, gefe da gefe ne kawai za su taɓa, tsakiya tana lilo, kwana kaɗan girgizar hanya ta cire shi. Ɗora shi tukuna ba tare da ka ɓare takardar gam ba, ka yi ta zamar da shi har ka ji inda ya zauna bai yi rawa ba. Kun gani? Nan yana rawa. Nan ma. Nan ya zauna. Sai ka murɗa kan babur dama da hagu har ƙarshe, ka ga ko wayar birki ko madubi za su buge shi.

Ka goge wurin da sifirit da tsumma mai tsabta, kada ka sa fetur ko tina, za su ci robar ta yi hazo. Bari ya bushe. Da sanyin nan gam ba ya kamawa, don haka nake ɗan hura masa na'urar busar da gashi, ya yi ɗumi kawai, ba zafi ba. Waɗannan maɗaurai biyu masu ƙananan haƙora da suka zo da shi, ka fara haɗa su a bayan tag ɗin, sannan ka ɓare takardar, ka danna gaba ɗaya. Haka za su faɗa daidai inda ya kamata... a'a, tsaya, na juya shi. Kibiyoyin nan sama za su kalla, rubutun yana fuskantarka. Allah Ya sa ban danna ba. To, yanzu. Danna da babban yatsa, ka riƙe kamar rabin minti. Kada ka ɓalle shi yau don ka gwada, bar gam ɗin ya kwana.

In babur ɗinka ba shi da gilashi fa? Jakar tanki mai aljihun roba a sama tana yi, muddin ba ka ɗora waya ko makullai a kansa ba. Ko kuma irin wannan 'yar jakar da ake ɗaurawa a kan babur kusa da madubi, ruwa ba ya shiga. Muna da su a nan gareji, in ka zo mu ɗaura maka kyauta, shayi ne dai ba mu yi alkawari ba. Akwai kuma baƙin tag na waje, wanda ake ɗaurewa a lambar gaba ta mota. Shi yana jure ruwa, sai dai babur ba shi da lambar gaba, dole ka nema masa wuri a saman fitila.

Wannan jakar mai ƙyalli da tag ya zo a ciki, kada ka yar. Aikinta hana karantawa. Ranar da ka ɗora babur a bayan babbar mota za ka kai shi wani wuri, ka cire tag ka sa a ciki, in ba haka ba a caje ka sau biyu. In kuma ka ajiye babur a bakin titi, ɓalle tag ɗin ka tafi da shi.

Gwaji kuma, ba za ka ji ƙara ko ka ga fitila ba lokacin da ka wuce. Hau gada ɗaya, ka jira kwana biyu, ka buɗe asusunka. In ka ga lambar tag a jikin cajin, ya karantu. In lambar babur ka gani, kyamara ce ta ɗauke ka ta baya, kuma MTA tana cajin wannan sama da kuɗin tag. Sai ka ɗaga shi sama kaɗan ka sake gwadawa.

Ƙanena, miƙo min tsumman can. Wanda yake da tambaya ya rubuto a ƙasa, a gaya min irin babur ɗin da kuma ko yana da gilashi. Sai mun haɗu a na gaba, za mu yi maganar adana batir lokacin hunturu.