Jirgin gwaji: wa ke saye, kuma ina sauran suke ƙarewa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba ina gaisuwa, ɗalibai ƙannena sannunku da haƙuri. Kafin mu shigo wani ɗalibi ya tare ni a bakin ƙofa yace Malam, wai jiragen saman nan da kamfanonin ƙera jirage Boeing da Airbus suke gwaji da su, in an gama ana sayarwa ne, kuma mu ake turo wa? To wannan tambayar tasa ita zan riƙe yau, don ta fi abin da na rubuto amfani.

Amma sai mun fara gane yadda ake sayen jirgi tukuna. Ba kamar mota ba ce da za ka je ka zaga ka buga taya ka biya ka tafi da ita, a'a, oda ake bayarwa a shiga layi. Akwai odar da aka ƙulla aka ba da kafin alƙalami, akwai kuma wadda kamfani yake cewa a ajiye min gurbi ko zan ƙara nan gaba, sai 'yan jarida su haɗa su duka su buga lamba ɗaya mai girma. A 2023 kamfanin IndiGo na Indiya ya ba Airbus odar jirage 500 a lokaci guda, kuma shekaru za a kwashe ana kawo masa su kaɗan kaɗan. Wani lokacin ma jirgin da ka yi oda babu shi a duniya sai a takarda. Kamfanin ANA na Japan ya yi odar Boeing 787 guda 50 a 2004, jirgin bai taɓa tashi ba sai Disamba 2009, na farko bai shiga hannunsu ba sai Satumba 2011, an makara sama da shekara uku. To a wannan tsakanin ne jiragen gwaji suke aikinsu.

Akwai waɗanda ba sa tashi sam, a cikin rumfa ake ɗaure su a yi ta jan fiffike sama da na'ura har ya karye, doka tace dole ya jure kashi 150 cikin 100 na nauyi mafi tsanani da ake zaton zai gamu da shi a sama, na Boeing 777 sai da ya kai 154 sannan ya ɓalle. Wannan kam ba mai saye. Sai masu tashi, in ka shiga cikinsu ba kujerun fasinja, ganguna ne cike da ruwa a jere a madadin nauyin mutane, ana tura ruwan gaba ko baya a ga yadda jirgin zai yi, ga wayoyi ruwan lemo ko'ina, ga injiniyoyi a gaban kwamfuta. Ana kai shi inda sanyi ya fi tsanani, a kai shi inda zafi ya fi, a kashe inji ɗaya yana cikin tashi, a goga wutsiyarsa a ƙasa da gangan. Kuma aiki ne na sai da rai, a watan Yuni 1994 wani Airbus A330 ya faɗi a Toulouse ta Faransa yana gwaji, mutum 7 suka mutu. Ina so ku riƙa tuna mutanen nan duk sanda kuka zauna a jirgi lafiya.

To ana sayarwa? E, ana sayar da wasu. Misalin da nake ƙauna shi ne Boeing 777 na farko a duniya, ya tashi ran 12 ga Yuni 1994, Boeing ya riƙe shi wajen shekara shida sannan aka kwance duk kayan gwajin, aka cire injinan Pratt & Whitney aka ɗaura na Rolls-Royce, aka sa kujeru, Cathay Pacific na Hong Kong ya karɓe shi a 2000, ya yi ta jigilar fasinja har 2018. Shekara goma sha takwas fa! Mafi yawan waɗanda suka hau shi ba su ma san lamba ɗaya suke ciki ba. Yanzu yana gidan tarihi na Pima a jihar Arizona ta Amurka.

Amma 787 labarinsa daban ne, kuma nan nake so ku buɗe kunne. Guda shida aka ƙera na gwajin tashi kuma tun farko niyyar Boeing ita ce ya sayar da su, sai matsaloli suka taso, an samu rauni a inda fiffike ya haɗu da gangar jikin jirgin, aka yi ta kwancewa ana ɗaurawa ana ƙara ƙarfafawa har ukun farko suka yi nisa da ainihin tsarin da za a ba satifiket, gyaransu ya fi ƙarfin abin da za a samu in an sayar. A 2009 Boeing ya fito yace waɗannan ukun ba su da darajar kasuwa, ya mayar da dala biliyan 2.5 cikin kuɗin bincike. Kyauta aka yi da su, na farko yana filin jirgin Nagoya a Japan inda ake ƙera fukafukan jirgin, na biyu Pima, na uku gidan tarihi a Seattle ta Amurka. Na shidan kuwa gwamnatin Meziko ta saye shi ya zama jirgin shugaban ƙasa, da López Obrador ya hau mulki yace shi ba zai shiga ba almubazzaranci ne, jirgin ya yi shekaru a ajiye ana neman mai saye, sai a 2023 Tajikistan ta ɗauka kan kusan dala miliyan 92.

Kun ga kenan abin da ke yanke hukunci shi ne nisan da jirgin ya yi daga tsarin ƙarshe, da kuma kuɗin dawo da shi. Hukumomin kula da harkar jiragen sama, FAA a Amurka ko EASA a Turai, ba za su bari a ɗora fasinja ba sai an nuna musu a rubuce cewa kowane ɓangare ya dace da tsarin da suka amince da shi, duk ramin da aka huda don waya an toshe an rubuta. Shi kuma mai saye yana neman ragi sosai, don irin wannan jirgin yakan ɗan fi 'yan'uwansa nauyi, nauyi kuwa mai yake ci kullum kullum.

Wasu kuma kamfanin da kansa ba ya son rabuwa da su. 747 na farko da ya tashi a Fabrairu 1969 Boeing bai taɓa sayar da shi ba, an yi ta gwada injina a jikinsa, yanzu yana Seattle. Airbus ma ya riƙe A380 lamba ɗaya da ya tashi a Afrilu 2005. Na biyun Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya aka ware wa za a mayar masa da shi fada mai tashi, abin bai tabbata ba, yana can gidan tarihi a Toulouse.

To ƙanena mai tambaya, kai fa, ɗaga hannu in gan ka, yauwa. Jiragen gwaji 'yan ƙalilan ne a kowane sabon tsari, kuma masana'anta da kanta ke gyara su a gaban hukuma. Abin da ya fi shafarmu a nan shi ne yawancin jiragen kamfanoninmu na hannu ne ko na haya, wasu sun wuce hannu uku huɗu kafin su iso Kano ko Abuja, wannan ba aibi ba ne in dai takardun gyara sun cika. Ku da za ku zama injiniyoyi, ranar da aka ajiye muku kwalayen takardun jirgi a ce ku duba kafin a biya kuɗi, ku bi su shafi shafi, sa'o'in tashi nawa, sauka nawa, yaushe aka buɗe inji, wa ya sa hannu, in shafi ɗaya ya ɓace ku tsaya a kansa ko da wa ke matsa muku. Na ga an miƙo min takarda lokacin sallah ya yi, in mun dawo sai mu ɗauki sauran tambayoyin, akwai 'yar'uwa can baya da ta daɗe da ɗaga hannu, da ke za mu fara in sha Allah.