Me ya sa kulob ɗin karkara ke wayar gari babu 'yan wasa?

Assalamu alaikum, ma'abota ƙwallon ƙafa. Duk wanda ya taɓa riƙe kulob a wajen Gumel, ko Ringim, ko Rano, ya san wannan ciwon. An rufe kakar wasa kana da yaran da ake shakka, kafin a dawo atisaye babu gola, babu lamba tara, mai tsaron bayan da ka dogara da shi ma ya kashe waya.

Ina suka tafi? Mutane kan ce manyan kulob ne suka kwashe su. Akwai wannan, amma ku tuna yaron da ke buga wa irin kulob ɗinmu ba da ƙwallo yake ci ba. Ɗan alawus ne ranar wasa, sai kuɗin mota idan an samu. Damina na sauka, gona ta kira shi. Ana gama girbin gero da riɗi, sai cin rani, wasu Legas, wasu Fatakwal. Wani kuma a gasar azumi ko kofin Sallah garin maƙwabta suka ɗauke shi haya, suka saya masa takalmi, shi ke nan. Ni ba na ganin laifin yaron da ke da iyaye a wuyansa.

Wanda ya tafi don ya hau sama, tsani yake bi. A ƙasa akwai gasar NLO, wato mataki na uku a gasannin ƙwallon ƙasar nan, sai NNL a mataki na biyu, sannan Firimiyar Najeriya a sama, inda Kano Pillars ta ɗauki kofi a 2008, 2012, 2013 da 2014. Tsanin nan kuwa yana hawuwa, domin Barau FC ta Dambatta ta shiga Firimiya a 2025. Tafiyar yaro ba asara ba ce. Asarar ita ce ya tafi ba tare da takardar da ke nuna ya taɓa zama naka ba.

A nan nake so shugabannin kulob su kasa kunne. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga kulob ɗin wata ƙasa zuwa na wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka raine shi tun daga shekara 12 zuwa 23. Shekarun 16 zuwa 23 sun fi tsoka, kowace shekara tana da kashi 10 na abin da aka ware. A ƙaddara an sayar da yaronka dala miliyan ɗaya. Abin rabo dala 50,000 ne. Idan a hannunka ya yi shekarunsa na 16, 17 da 18, dala 15,000 haƙƙinka ne. Ka lissafa ƙwallaye da riguna nawa ke nan, har da gyaran fili. Amma kuɗin nan rajista suke bi. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke duba tarihin ɗan wasa a kwamfuta ya biya masu haƙƙi. Idan kulob ɗinka ba ya da rajista da hukumar ƙwallo, ko sunan yaron a littafin koci kawai yake, ko da duk gari sun shaida kai ka koya masa buga ƙwallo, ba ka cikin rabo.

To, yaya ake sake gini? Kuskuren da na fi gani shi ne a ruɗe a cika kulob da 'yan haya. Za su ci maka wasa biyu, ranar da aljihu ya yi sanyi ka neme su ka rasa. Gara koci ya fara zama da mutum uku ko huɗu da kulob ke tsaye a kansu, musamman gola da kyaftin, a yi magana ta gaskiya kan abin da za a iya ba su. Sauran guraben a cike su da yaran sakandare da na unguwa, a yi musu rajista tun ranar farko, da shekarunsu na gaskiya. Rage shekaru yana lalata lissafin da muka yi yanzu. Lokacin shuka da noma kuma a mayar da atisaye bayan la'asar, don kada a sa yaro zaɓi tsakanin mahaifinsa da kocinsa.

Sai batun dillalan da ke zuwa da alƙawarin Turai. A je gida a gaishe da mahaifin yaro, a faɗa masa cewa dokar FIFA ta hana mayar da ɗan ƙasa da shekara 18 kulob ɗin waje, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan. Ahmed Musa kansa, bayan ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kaka guda, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Duk wanda ya ce a sayar da gona ko shanun huɗa a ba shi kuɗin biza don yaro ɗan shekara 16, a tambaye shi lasisinsa na FIFA da takardar gayyata daga kulob ɗin, sannan a kai su ofishin hukumar ƙwallo ta jiha a Kano ko Dutse a tantance kafin a ba shi ko kwabo.