Sharhi: Horon da nas-nas na sashen gaggawa ke buƙata

Jama'a masu sauraro, a watan Oktoban 2024 tankar mai ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu. Waɗanda suka ƙone, manyan asibitocin Ringim da Haɗeja aka fara kai su. A irin wannan dare, mai tarar majinyaci a bakin ƙofa galibi nas ce, kafin likita ya iso.

To me ya kamata ta sani? Da farko ta iya tantancewa: wa za a fara taɓawa, wa zai iya jira. Mai ihu yana numfashi; wanda ya yi shiru a gefe, shi ne abin tsoro. Ta duba hanyar numfashi, ta tsayar da jini, ta tallafe wuyan wanda ya yi haɗari kada a ƙarasa shi wurin ɗauka. Idan ƙuna ce, ta ƙiyasta yawan fatar da ta ƙone, ta lissafa ledojin ruwan da za a ƙara masa a yini guda, rabi a cikin awa 8 na farko. Kuma daga lokacin da wutar ta taɓa shi ake ƙirgen, ba daga isowarsa asibiti ba. Akwai allurar rage zubar jini da amfaninta ke cikin awa 3 na farko, bayan nan ta zama ihu bayan hari.

Wannan ba ilimin zama a kujera ba ne. Mun san salon bitarmu: otal, majigi, shayi, takardar shaida, alawus, kowa ya kama gabansa. Hannu bai taɓa komai ba. Nas ɗin da ta san aikinta mutum-mutumi take so a ajiye mata, ta gwada, ta yi kuskure, a gyara mata, bayan watanni a sake, domin hannu yana mantuwa. Tana so a yi atisayen a ɗakin da take aiki, da kayan da ke akwai, tare da likita da direban motar asibiti da mai tura gado.

Tsarin horo kan kula da masu munanan raunuka da duniya ke bi a yau ma daga ƙaramin asibiti ya samo asali. A 1976 likitan ƙashi James Styner ya faɗi da jirginsa a Nebraska ta Amurka, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka ji rauni. Kulawar da ya gani a asibitin karkara ba ta gamsar da shi ba, sai shi da abokan aikinsa suka tsara kwas da aka fara a 1978. Ƙungiyar nas-nas ta gaggawa a can ta fito da nata a 1986.

A gida muna da abin ɗorawa a kai. Asibitin ƙashi na Dala a Kano yana horar da nas-nas kan haɗari da agajin gaggawa, Abuja kuma tana da cibiyar kula da masu munanan raunuka tun 2014. Sai dai gurbi kaɗan ne, karatun na ɗaukar watanni, asibitin da nas biyu ke riƙe da dare kuwa ba zai iya sakin ɗaya ba.

Don haka ma'aikatun lafiya na jihohi su ɗauko malaman daga Dala su kai su asibitocin bakin titi, irin na hanyar Kano zuwa Haɗeja da Kaduna zuwa Abuja, kwana uku-uku, rukuni bayan rukuni, kuma kada kuɗin ya fito daga albashin nas.