Kafin Ka Saki Reshe: Neman Sabon Aiki Kana Kan Wani

(An gabatar da wannan lacca a wani taron matasan ma'aikata a Kano. Mai laccar tsohon jami'in kula da ma'aikata ne. An naɗe ta a waya, daga baya aka rubuta.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla.

Da aka gayyace ni na ɗauka waɗanda suka gama bautar ƙasa suna zaune a gida zan tarar. Sai shugaban taro ya raɗa mini cewa yawancinku kuna da aiki, wani kuke nema. Ban yi mamaki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, albashin da ke kai mutum ƙarshen wata ya koma ƙarewa kafin wata ya raba. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma kun fi ni sanin abin da kuɗin mota kaɗai yake ci. Don haka neman gaba ba butulci ba ne. Abin da na sha gani a kujerar da na zauna shi ne mutum ya ɓata na hannu alhali na gaban bai iso ba.

Bari in fara da kaina. Ina shekara ta uku a wani kamfani, ba zan faɗi sunansa ba, na ga tallar aiki a jarida. Na jira aka tashi, na buga takardar neman aikin a firintar ofis. Takarda ta maƙale, na ja, na sake bugawa, na kwashe na yi gida. Ashe akwai guda da ta saura a cikin injin. Da safe masinja ya kunna, ta fito, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka wasiƙar ofis ce, ya sa a fayil ɗin manaja. Wajen ƙarfe goma manaja ya tako har teburina, ya ajiye ta a gabana, ya ce, "Malam, ka manta ba ka sa hannu ba." (Dariya.) Aikin can ban samu ba. A nan kuma da aka zo tura mutane kwas, aka tsallake ni, don wa zai kashe kuɗi a kan mai shirin tafiya? Shekara biyu na ƙara a wurin ina sunkuyar da kai.

Wannan zamanin jarida ne. Yanzu abin ya fi sauƙin tonuwa. Imel ɗin ofis na kamfani ne, kwamfutar ofis ta kamfani ce, intanet ɗin ma nasu ne, kuma yaron nan da ke gyara muku kwamfuta yana iya ganin abin da ba ku zato. Ka yi nemanka da wayarka, da datarka, da imel ɗinka, bayan an tashi. Ba don tsoron kamu kaɗai ba. Sa'o'in aiki an saye su daga gare ka, amana ce.

Sai baki. Baki shi ke yanka wuya. Abokin da kuke cin shinkafa da wake tare kullum ba mugu ba ne, amma shi ma yana da aboki. Masu amfani da LinkedIn kuma, shafin nan na ma'aikata da masu neman aiki a intanet, koren zoben nan da ake sa wa hoto don nuna ana neman aiki, kowa yana ganinsa, har oganka. Akwai zaɓin da masu ɗaukar ma'aikata kaɗai za su gani, shi za ku danna, shi ɗin ma masu shafin da kansu ba su ba da tabbacin cewa ba zai kai ga kamfaninku ba. Kuma wanda kullum da ƙananan kaya yake zuwa ofis, ranar Talata kawai a gan shi cikin kwat da lakataye yana duba agogo, ai ya riga ya yi shela.

Ranar intabiyu nan ne mutane ke shiga ƙarya. Na taɓa riƙe fayil ɗin wani da kakarsa ta rasu sau uku cikin shekara guda. (Dariya.) Kada ku kashe tsofaffinku saboda aiki. Kana da hutun shekara, ka gutsuri kwana ɗaya. Ko ka ce kana da uzuri na kanka, ka tsaya a nan, ba dole ne ka yi bayani ba. Masu ɗaukar ma sun san kana aiki, ka roƙe su a sa ka da sassafe ko da yamma. Ni idan mai nema ya ce mini ba zai iya barin aikinsa tsakar rana ba, daraja yake ƙarawa a idona, domin haka zai riƙe nawa gobe. Idan suka nemi wanda zai yi maka shaida, ka ba su tsohon oganka ko malaminka, ka gaya musu ƙarara kada a tuntuɓi inda kake sai magana ta tabbata.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Ba ka samu aiki ba sai takardar kama aiki ta shigo hannunka, da sa hannu, da albashi a rubuce, da ranar farawa. "Ka zo ranar Litinin" a waya ba aiki ba ne. "Alhaji ya ce an gama magana" ba aiki ba ne. Na san wani matashi da ya ajiye aikin shekara huɗu saboda kiran waya guda, kafin Litinin ɗin ta zo aka canza shugaban wurin, sabon ya ce bai san zancen ba. Ga mata ga 'ya'ya biyu. Wannan shi ne saki reshe kama ganye.

Takardar ma idan ta zo, a karanta ta a zaune. Adadin da ke sama ba shi ne zai shigo asusunka ba, sai an cire haraji da fansho. Ka tambaya: ɗan kamfani ne kai ko ɗan kwantiragi ta hannun wani kamfanin? Wata nawa ne lokacin gwaji? Akwai asibiti? Ƙarin dubu talatin da zai raba ka da Kano ya kai ka haya a Abuja, lissafa da kyau, wataƙila ragi ne. Duk wanda kuma ya ce ka biya kuɗi a ba ka gurbi, ka kama gabanka. Manyan cikinku sun tuna watan Maris na 2014, lokacin ɗaukar ma'aikatan shige da fice, da aka karɓi naira 1,000 a hannun kowane mai nema, aka tara jama'a a filayen wasa, aka yi turmutsitsi aka rasa rayuka.

Sai notis, wato wa'adin da za ka ba wurin aikinka kafin ka tafi. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda bai wuce wata 3 a aiki ba, notis ɗinsa kwana 1 ne. Daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 1. Shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Shekara 5 ko fiye, wata 1. Amma ku lura, dokar ta ware masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga waɗanda take kira ma'aikata, kuma yawancinku nan kuka faɗa. Abin da ya ɗaure ku shi ne takardar da kuka sa wa hannu ranar da kuka kama aiki. Ku je gida yau ku nemo ta. Idan wata uku ta ce, kada ka yi wa sabon wuri alkawarin mako biyu, sai dai in za ka biya kuɗi a madadin notis ɗin. Ka kuma duba bashin da ke kanka, na ofis da na kofaratib, domin daga haƙƙinka na ƙarshe za a zare.

Fansho kuwa kada ya tsorata kowa. A dokar fansho ta 2014, kai kana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinka, wanda ya ɗauke ka aiki yana zuba kashi 10, asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka je. Lambar asusun kawai za ka ba sabon wuri. Abin da za ka bincika kafin ka tafi shi ne ko da gaske ana zuba abin da ake cire maka, don bin sawunsa ya fi sauƙi kana ciki. Ma'aikatan gwamnati, ku naku daban ne. Tsarin mulki ya hana cin albashin kujeru biyu na gwamnati lokaci guda, kuma wanda ya sulale ba takarda ya jefa shekarunsa na aiki cikin rigima. A bi ta ofis a nemi canjin wurin aiki ko a ajiye a rubuce.

Akwai tambaya? Na'am, Malama.

(Wata ta tambaya: Baba, idan na kai takardar ajiye aiki oga ya ce zai ƙara mini albashi in zauna fa?)

'Yata, ki fara tambayar kanki me ya tashe ki. In kuɗi ne kaɗai, kina iya saurarensa, amma ya rubuta, da ranar da ƙarin zai fara. In kuwa wulaƙanci ne ko rashin ci gaba, ƙarin albashi ba ya canza halin oga. Kuma ki sani ya riga ya san kin leƙa waje. Idan kin yanke tafiya, ki gode masa, kada ki tsaya jera masa laifuffukansa, ki cika kwanakin notis ɗinki, ki rubuta bayanin miƙa aiki har da inda makullin kabad yake. Watarana sabon wurin zai buga masa waya ya tambayi halinki.

To, ga shi ana kiran la'asar. Mai sauran tambaya ya same ni a bakin masallaci.