Jawabin maraba ga Mai Girma Minista a ɗakin gwajin na'urori, Garwa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe barka da zuwa, sannu da hanya. Aikinka kowa ya san shi daga Ngaundere har Kuseri, to bari mu faɗi abin da ke ranmu tun shayi bai huce ba: akwatin gwaji na PXI muke roƙo, wato akwatin da ake jera katunan awon lantarki a cikinsa su yi aiki tare, guda ɗaya tak, mai layukan tiriga (siginar da ke ba da umarnin fara awo) da na agogo a jikinsa.

Garwa fa ba ƙaramin gari ba ne. Nan aka haifi Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, nan jiragen ruwa suka riƙa lodin auduga da gyaɗa a bakin Binuwai, madatsar Lagdo tun 1982 take tsaye tana ba arewa wuta, a 2022 muka karɓi baƙuncin wasannin kofin Afirka a filin wasa na Rumde Ajiya muka kuma samu jami'a. Amma kayan awo na kirki duk a kudu suke sauka, mu sai ragowa, alhali yaranmu ne ke gyaran wayoyin jama'a da ido da ƙarfen narka dalma kawai.

Ga inda abin yake mana ciwo. Allon lantarki mai gudun megahaz 100, kowane bugun agogonsa nanosakan 10 ne, sigina kuma tana cin kusan nanosakan 5 a kowace mita ta wayar koaks. Mu yanzu wayoyi muke ja daga wannan na'ura zuwa waccan, wata doguwa wata gajera, in suka bambanta da mita ɗaya rabin bugu ya tafi kenan, sai yaro ya karanta abin da ba shi ba ya ce aisi (IC, ƴar ƙwaƙwalwar da ke kan allon) ta mutu ya cire ta, ita ko lafiyarta lau. Dubi waccan wayar da ke kan tebur an naɗe da salatif, ko om 50 ɗin da ake buƙata a irin wannan waya ba ta kai ba, sigina na komowa baya tiriga ta tashi sau biyu.

Shi PXI agogo ɗaya na megahaz 10 duk katunan ke bi, layukan tiriga 8 a bayansa, ga na tauraro, masu fita daga wuri ɗaya zuwa kowane kati, da aka daidaita tsawonsu don umarni ya iske kowane kati lokaci guda, kamar sahu da kabbarar liman. Tun 1997 duniya ke aiki da shi, mu har yau a hoto muke nuna wa ɗalibai wallahi.

Batir na ɗaukewar wuta da fanka saboda zafin Afrilu, waɗannan ma yi karo-karo. Akwatin ne ya fi ƙarfinmu. Takardar tana hannun sakatarenmu, don Allah a sa mata hannu kafin mota ta tashi, ranka ya daɗe.