Gemu da Gatari: Yadda Wasannin Tebur ke Zana Namiji

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata, barkanku da zuwa.

Wasan da za mu tattauna a kansa ba na waya ba ne. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur, kowa da takardar jaruminsa da fensir. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke ba da labari kamar mai tatsuniya, sauran kuma su faɗi abin da jarumansu za su yi, a jefa ɗan ludo mai fuska 20 a ga ko sun dace. Mafi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A cikinsa kana iya zama ɗan Adam, ko Duwaf, gajerun nan masu gemu mazauna cikin duwatsu, ko Elf masu tsinin kunne, ko Ork masu haure. Abin da nake so ku riƙe shi ne, tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki, lambar da ke kan takardarsa ta riga ta raɗa masa wane irin namiji ne jaruminsa.

Kowane jarumi yana da siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini, kowace daga 3 zuwa 18. Littafin 'yan wasa na 1978 ya sa wa mata iyaka ƙarara. Namijin Duwaf mayaƙi yana iya kai 18 har da ɗori, macen ba ta wuce 17. Macen Elf a 16 take tsayawa. Bugu na biyu, na 1989, ya cire wannan iyaka, amma bambancin ya zauna daram tsakanin jinsunan halittu. A bugu na biyar, na 2014, Duwaf na dutse yana samun ƙarin 2 a ƙarfi da 2 a juriya, Elf kuwa 2 a zafin nama. Da aka ba 'yan wasan wannan bugu damar zama cikakken Ork a 2016, sai aka rage masa 2 a basira. Kun ga saƙon: ƙato, mai ƙarfi, marar kai.

To ku yi lissafi. Ƙarin 2 a siffa, maki 1 ne kacal a kan ɗan ludo mai fuska 20, wato kashi 5 cikin 100. A kan wannan ɗan taƙin ne 'yan wasa suke gina duk wani zato cewa Duwaf ne namijin duniya, Elf kuwa ɗan gayu ne mai laushin hannu.

Bari in daɗe a kan Duwaf, domin nan nama yake. A duniyar Warhammer, ta kamfanin Games Workshop da ke Notingam a Ingila, mutuncin Duwaf yana gemunsa. A tarihin wasan, aske gemun jakadansu da Elf suka yi na daga cikin abin da ya hura wutar babban yaƙi tsakaninsu. Suna da littafin da suke rubuta duk laifin da aka yi musu, ba a goge shi sai an biya. Wanda ya ji kunyar da ba zai iya ɗauka ba, sai ya aske gefen kansa, ya rina tukkun ja-ja, ya fita neman dodon da zai kashe shi. Ku lura, ba ƙarfin damtse ne ya yi wannan namijin ba. Kunya ce, da alkawari, da idon dangi. A ganina wannan ya fi rubutun Ork inganci nesa ba kusa ba, domin akwai abin da jarumin zai rasa. Sai dai akwai ɗaci a ciki: al'ummar da ba ta bar wa ɗanta hanyar neman gafara ba sai kabari.

Elf kuma ana masa kallon raini don ba shi da gemu, alhali shekarunsa ne abin dubawa. A Dungeons & Dragons yana kai 750, ba a ɗaukarsa babba sai ya kusa 100. Rabin-Ork, wato ruwa biyu tsakanin ɗan Adam da Ork, a bugun 2014 da wuya ya wuce 75. Wanda ke da ƙarni bakwai a gabansa, me zai sa ya yi gaggawar ramuwa? Haƙuri ne jarumtarsa. Akwai kuma Dirau, Elf na ƙarƙashin ƙasa, inda mata ke mulki, namiji ba shi da ta cewa. Marubutan sun kifar da ƙwaryar ne kawai, zaluncin yana nan yadda yake.

Kamfanin da ke buga Dungeons & Dragons ya gyara wasu abubuwa. A 2020 an cire ragin basirar Ork, aka bar ɗan wasa ya kai ƙarin makinsa inda yake so. A bugun 2024 ƙarin maki ya koma kan sana'a da tarbiyyar jarumi, ba jininsa ba. Amma gyaran littafi ba ya gyara tebur.

Ga abin da ke ɓaci. Mai riƙe da Ork ya ɗauka aikinsa fasa ƙofa ne, da an fara sulhu sai ya koma danna waya. Laifin jagora ne sau da yawa, domin idan kashe dodanni kaɗai ke kawo makin ci gaba, ka koya wa kowa cewa gatari ne ke biya.

Saboda haka, jagora, ka ware zama guda kafin a fara labari. Ka tambayi mai kowane jarumi namiji: a garinsu wa ke cewa yaro ya zama mutum, kuma da me? Wane abu ne idan ya yi ba zai iya haɗa ido da gyatumarsa ba? Wace sana'a hannunsa ya sani ban da yaƙi? A rubuta amsoshin a gurbin alaƙa da na rauni da ke kan takardar bugun 2014, layi ɗaya-ɗaya ya isa. Sannan ka daina ƙirga gawa, ka ɗaga matakin jarumai idan sun cim ma wani buri a labarin. Duk zama na awa uku, ka sa aƙalla fage ɗaya da takobi ba zai warware ba: rabon gado, zaman makoki, maraya da aka tsinta a hanya. Idan Ork ya haɗiye fushinsa, ko Duwaf ya ce na yi kuskure, ka ba shi ladan da dokar bugun 2014 ta tanada, ya jefa ɗan ludo biyu ya ɗauki mafi yawa.

Kuma kada ka mai da jinsi guda mutum guda. Idan jarumai sun shiga garin Duwaf, su tarar da maƙeri mai zafin rai, su tarar da ƙaninsa da ke renon 'ya'ya uku tun rasuwar matarsa, gemunsa duk kunu.

Na ga hannu a baya can. Malama, bismillah, a miƙa mata abin magana.